Kawu Mamman da Ɗaya Bakin Wayar

Kun dai san marigayi Kawu Mamman, ba ya yarda da abu sai ya zagaye shi. Ya ce a kasuwar shanu an sha nuna masa saniyar da aka ɗura wa ruwa, ta gefe guda sai ka rantse ciki gare ta. Motar Djougou ta taɓa tashi ta bar shi a tasha yana bayanta yana duba tayoyi. Ran da mai neman aurena ya zo gaisuwa, sai da Kawu ya zagaye bawan Allah sau biyu kafin ya ba shi tabarma.

Ni kuwa, 'yar ƙanwarsa mai karatun kimiyya a Faransa, na dawo Parakou hutu kai ya kumbura. A labo, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, muna sanyaya wata 'yar waya da ido ba ya gani, har lantarki ya riƙa bi ta cikinta ba turjiya. Masana sun daɗe suna farautar wani baƙon hali da lantarki ke shiga a irin wayar, ga shi ni 'yar Zongo na ga alamarsa! Na zauna na feɗe wa Kawu labari.

Ya ce, "Waya ai baki biyu gare ta. Kin duba ɗayan?"

Mai shanu zai koya mini aikina? Na ce, "Haba Kawu, an duba." Wallahi ban duba ba.

Ya yanka rago, ya raba wa unguwa, kowa sai kira na yake Dakta, Dakta.

Da na koma muka auna ɗaya bakin, wayam. Ashe datti ne da rashin daidaito a jikin wayar, su ma suna ba da alama iri ɗaya sak, alhali na gaskiyar dole ya bayyana a baki biyun tare. Na yi kwanaki ina jin kunya kafin na kira shi na faɗa masa komai, har ƙaryar. Sai kawai ya tambaye ni ko ina cin abinci.

Inna ce ta gaya mini sauran. Da ciwon gwiwarsa ya bi duk gidan da aka ci ragon nan yana cewa, "Ni na yi gaggawa. Yarinyar ta ce in jira."

Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai wannan. Ya Allah, kada ka rubuta masa ita, tawa ce. Ka rufa masa asiri, ka haskaka kabarinsa.