Bangon Mai-alli

Shekara tara ke nan rabona da gida, na kuma binne abokan aiki a nan, amma babu wanda ya girgiza ni kamarka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga wata, Allah Ya karɓi ranka bayan zazzaɓin kwana uku, ya Mai-alli.

Kai ka karɓe ni a siton nan ban san kowa ba. Da bayana ya riƙe, kai ka ɗauki buhunana haɗe da naka, ba ka taɓa goranta mini ba.

Lissafin ya samo asali ne daga 'yarka da ke karatu a gida. Ta gaya maka a waya cewa 33,550,336 cikakkiyar lamba ce: in ka tattara duk lambobin da ke raba ta ba saura, ban da ita kanta, ka haɗa su, ita za su ba ka daidai, kamar yadda ɗaya da biyu da uku ke ba da shida. Ta ce ita ce ta biyar a irinta, kuma masu raba ta ashirin da biyar ne. Sai ta yi dariya: "Baba, bar shi, ba za ka gane ba."

Kai da ka tsaya a aji huɗu, ka sayo alli. Kullum lokacin hutu kana jikin bangon ƙofar lodi, kana rabawa, kana gogewa da gefen riga. Direbobi na tsokana: "Furofesa, miliyoyin sun shigo aljihu?" Ka ce, "Suna hanya, ka dai gyara fakin." Na miƙa maka wayata ta yi maka lissafin, ka ture ta. "Hannuna nake so yarinyar ta gani."

Jiya foman ya turo mai fenti, wai masu duba sito na tafe. Ba zan zalunci foman ba, shi ya sayi likkafaninka. Amma ya kira aikinka zanen banza, wannan kuwa ban yafe ba tukuna. Na ajiye buhu, na je na jingina da bangon, fenti na ɗiga a kafaɗata. Foman ya ce in zaɓa, aikina ko bango. Na ce ya kawo takardar sallamar nan, don ba zan gusa ba. Daga ƙarshe ya dakatar da fentin, ya ba ni mako guda.

Ban iya lissafi ba, Mai-alli, amma da alli zan ƙarasa, in ɗauki hoto in aika wa 'yarka. Mai dariya ya yi ta yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga maiɗakinka da 'yarka da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Cikin ashirin da biyar ɗin, goma sha tara ka samo. Fenti ya ci huɗu. Na ceto goma sha biyar, da guntayen alli biyu.