Mai Neman Shaidar Yaƙin Kwango

Duk wanda ya zauna a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur cikin 'yan Arewa masu karatu ya san Munzali Hussaini, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai jakar goyo wanda ba a taɓa samunsa ranar Asabar. A yi suna, a yi walimar kammala digiri, a haɗa ƙwallo, sai dai matarsa Bashira ta ba da haƙuri ta ce ya tafi wajen tsofaffin sojojin nan nasa. Karatun ginin gadoji gwamnati ta turo shi yi a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, kuma yana yinsa daidai gwargwado. Amma abin da ya hana shi sakat wani yaƙi ne da aka yi shekara sittin da suka wuce, a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Mahaifinsa, Kofur Hussaini, mutumin Rano ne. Ya shiga soja da ƙuruciya, aka kai su Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya dawo da tabon harsashi a cinya, ya ajiye kaki ya koma noman gyaɗa. Matsalar ita ce mutanen unguwarsu yaƙi biyu suka sani: na Bama da kakanni suka je, da na basasa da ya ci 'ya'yansu. Kofur bai isa zuwa na farko ba, na biyu kuma a gona ya same shi. To wane yaƙi ke nan ya yi? In ya ce Kwango sai a kalli juna. Tabon cinyar ma wasu cewa suka yi garma ce ta sare shi.

Ya kan ba da labarin wasu gajerun sojoji daga wata ƙasa wai ita Malaya, Musulmi, masu cin shinkafa safe da rana da dare, waɗanda suka yi sallar Idi tare a wani gari Bukavu. Kuma ya dawo da wata ɗabi'a da ta zame masa abin tsokana: ba ya nuna mutum ko hanya da manuniya, sai ya dunƙule hannu ya nuna da babban yatsa. Ya ce a wurin mutanen nan ya koya, su nuni da manuniya rashin ladabi ne a wajensu. Ina mutanen Rano za su bar wannan ya wuce? Yara suka sa masa Kofur Ɗanyatsa.

Munzali yana ɗan shekara goma sha biyu ya kwaikwayi uban nasa a majalisar ƙofar gida, har da ɗingishin. Aka kwashe da dariya, wani har da faɗuwa daga kan benci. Da ya juya sai ya ga Kofur tsaye a bakin zaure da buta a hannu. Bai zage shi ba, bai doke shi ba. Ya dai wuce masallaci, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara jin kalmar Kwango a bakinsa.

Shekara talatin bayan nan, a satinsa na farko a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar nan da a da ake ce wa Malaya, Munzali ya ɓace a unguwar Brickfields yana neman hanyar tashar jirgi. Ya tambayi wani dattijo mai gadi. Dattijon ya dunƙule hannu ya nuna masa hanya da babban yatsa. Munzali ya ɗauka ko ciwo ne a hannun. Ya ƙara gaba ya tambayi wata mai sayar da abinci, ita ma haka ta yi. Nan ya tsaya a gefen titi, mutane suna ture shi suna wucewa, kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har ka.

"Bashira, gaskiya Baba yake faɗa," ya ce da ya isa gida. "All these years, wallahi gaskiya yake faɗa."

"To ka kira shi mana ka gaya masa."

"In ce masa me? Na ga wani security ya ɗaga yatsa, saboda haka yanzu na yarda da kai? Ni da na tara masa jama'a?"

Abin da ya ƙudura shi ne ya samo mutum ɗaya mai rai, wanda ya je Kwango, ya haɗa shi da Kofur ya ce masa eh, an yi, ina wurin. Yana so uban ya ji wannan daga bakin wani kafin ya bar duniya. Kofur kuwa ya haura tamanin.

Yadda ya bi da neman ne ya sa abokansa suke masa dariya. Wani zai shiga intanet ya aika saƙo, ko ya buga waya ya yi tambaya a gama. Munzali tarbiyyar Rano ce a jikinsa: ba a zuwa wa dattijo da buƙata a ranar farko. In liman ko direban tasi ya ce masa akwai wani tsohon soja a unguwa kaza, sai ya sa Bashira ta yi dambun nama, tunda ya lura kilishi ya fi ƙarfin haƙoransu. Zuwan farko gaisuwa ce kawai. Ya cire takalmi, ya rusuna, ya tambayi jiki da iyali da 'yar Malayancin da ya tsinta. Zuwa na biyu ya sha shayi ya yaba jikoki. Sai a na uku yake fito da hoton Kofur cikin kaki.

"Guy, kana ɓata time lah," in ji abokinsa Adnan, wanda ya ɗauki "lah" ɗin nan da 'yan garin ke rufe magana da shi. "Tambaya ɗaya ce fa. You go Congo or you no go?"

Sau da yawa sai a zuwa na ukun yake gane tsohon bai taɓa jin ƙamshin Kwango ba. Wannan a daji ya yi shekaru yana fafatawa da 'yan gurguzu. Wancan a Borneo aka kai shi lokacin da suka yi tsamin dangantaka da Indonesiya. Yaƙe-yaƙe ne da Munzali bai taɓa jin sunansu ba, kuma abin da ya fi ba shi tausayi, jikokin tsofaffin ma ba su damu su ji ba, suna gefe suna latsa waya. Wani ne da ya ce Allah ya ba da lada ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya gyara zama ya buɗe littafi ya rubuta. Ya saurari ƙarya da gaskiya da maimaici bai taɓa yin murmushin raini ba, don ya san abin da murmushin nan yake yi wa tsoho. Har yau akwai gidaje huɗu da yake zagayawa, waɗanda ba su da abin da za su ƙare shi da shi.

Ya shekara ɗaya da rabi yana wannan yawo lokacin da ƙanwarsa Hureira ta kira daga Rano ta ce Baba ya daina fita masallaci, kunu ma sai an lallaɓa shi. A satin ne aka yi masa kwatancen wani Pak Cik Ramli a unguwar Keramat, wato Baba Ramli, aka ce shi kam tabbas ya je Afirka.

"Yau ba zancen zuwa uku," in ji Bashira tana miƙa masa dambun. "Ka tambaye shi today today."

Ya same shi bayan la'asar a barandar gidan katako, ɗan tsamurmurin tsoho cikin zane da farar hula. Munzali ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, gumi yana keto masa. A rayuwarsa bai taɓa yi wa babba irin wannan gaggawar ba. Ya nemi afuwa sau biyu sannan ya miƙa hoton.

Tsohon ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce eh, ya yi wata tara a Bukavu, kuma ya tuna sojojin Najeriya, dogaye masu tsagu a fuska. Amma wannan mutumin, gaskiya bai san shi ba.

Zuciya ta raya wa Munzali ya roƙe shi ya ce ya san shi, wa zai gane? Ya haɗiye maganar. Mutumin da aka shekara sittin ana ƙaryatawa ba da ƙarya za a wanke shi ba.

"Kira shi duk da haka," in ji Pak Cik Ramli. "Boleh." Wato ba matsala.

Munzali ya buga kiran bidiyo, a Rano hantsi ne. Hureira ta tallafo Kofur ta jingina shi da filo ta riƙe masa wayar. Tsofaffin biyu suka ƙura wa juna ido, ba Hausa, ba Malayanci. Can sai Pak Cik Ramli ya matso ya ce, "Jambo, askari."

Gaisuwar mutanen Bukavu ce, da Swahili. Kofur ya ɗago kai daga filo. Sai Munzali ya ji muryar uban, wadda ya manta tana da irin wannan ƙarfin, tana amsawa da harshen. Suka shiga jefa wa juna guntayen kalmomin kasuwa da sunayen garuruwa, wannan ya ambaci tafki, wancan ya ambaci wata gada, suna dariya suna tari. Munzali bai fahimci ko kalma biyar ba. Ya ji Kofur yana ce wa Hureira ta leƙa ƙofar gida, duk wanda ta gani a majalisa ta ce ya shigo.

Da aka ɗan lafa, Munzali ya juyo da wayar wajen fuskarsa, hawaye ya riga ya ɓata ta.

"Baba, ka yafe mini. Abin nan da na yi a ƙofar gida."

Kofur ya dube shi. Bai yi kamar ya manta ba.

"Ya yi mini ciwo, Munzali," ya ce. "Na kowa bai dame ni ba sai naka. Na yafe. Yanzu kauce ka mayar mini da mutumin, ba mu gama ba."