Yadda Na Kauce wa Went

Shekarar da na samu aikin tuƙi a wani kamfanin jigilar dankali, oga ya kafa doka: duk direban da ya dawo daga tafiya sai ya rubuta rahoto da Turanci. Ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya, kuma abu ɗaya na riƙe: in aiki ya wuce, a liƙa wa kalma ed a wutsiya.

Rahoton farko na kai wa maƙwabciyarmu a Dutse Uku, malamar firamare ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ta ajiye alayyafon da take gyarawa, ta sa tabarau.

"Wane ne ya goed Lafiya?"

"Ni ne, Mama."

"Kai ne kuma ka buyed taya, ka eated shinkafa?"

Sai da ta gama dariya ta ce kalmomin iri biyu ne. Akwai masu biyayya da ke karɓar ed, akwai masu taurin kai, go ta koma went, buy ta koma bought, ba dalili, sai hadda.

Kwana uku na yi ina hadda. Ranar da na ji teach tana komawa taught amma reach ba ta komawa raught, na gaji.

"Mama, babu mai biyayya da za ta yi aikin went?"

"Travelled."

"Bought fa?"

"Purchased."

"Ate?"

"Consumed. Amma ɗana, ta yi wa shinkafa nauyi."

Na rubuce su a bayan kwali, na ajiye a mota. Daga ranar ban sake taɓa mai taurin kai ba.

Bayan wata biyu oga ya kira ni ofis, rahotona a hannunsa.

"Mai irin wannan Turancin me yake yi a kan sitiyari? Daga yau kai za ka riƙa duba rahoton sauran direbobi."

Na buɗe na farko, ga took, ga brung, ga catched, ban san na ƙwarai ba. Haka na kwashi takardun zuwa wurin Mama, tana gyarawa da jan biro ina kallo, har masu taurin kan suka zauna mini a kai kafin damina ta fita.

Da direbobi suka gano mai gyaran, kowa ya dawo sai ya sauke mata dankali a ƙofa. Daga baya ita ta roƙe mu mu daina, wai har ƙarƙashin gadonta ya cika.