Yaya Hanne Mai Shinkafa da Sunan da Ban Rubuta Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Hanne ta rasu.

Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita ofis ƙanwarta ta kira ni. Ta ce, "Malama Rabi, Yaya fa ta cika bayan asuba." Na ce wace Yayar? Alhali na sani. Kwana huɗu kawai ta yi tana ciwon ciki, an kai ta asibiti a nan Gumel, Allah ya yi ikonsa. Tana kwance cikin garin da nake, ban ma ji ba.

Yanzu na dawo daga gaisuwa a garinsu, Sule Tankarkar. Ko hijabi ban cire ba na zauna rubuta wannan, don in na bari zuciyata ta huce na san ba zan faɗi gaskiya ba.

Waɗanda ba su san ni ba, ma'aikaciyar kashe gobara ce ni. Aikina shiga gidaje da kasuwanni in koya wa mata yadda za su kauce wa gobara, tunda abokan aikina maza ba ko'ina suke shiga ba. Ita kuwa Yaya Hanne shinkafa da wake take sayarwa a kasuwar Maigatari duk Alhamis. Ba ta da yunifom, ba ta da albashi. 'Yar sa-kai ce, kuma ni na kawo ta.

Ranar da na fara ganinta ina tsaye a layin masu abinci da fostata, ina bayanin abin da ake yi idan mai ya kama da wuta a kasko. Na ce kada a watsa ruwa, a jiƙa buhu a rufe. Sai wata mata ta ɗago kai daga tukunya.

"Malama, wane buhun?"

Na ce buhu dai.

Ta ce, "Ai buhunan yanzu na leda ne. Narkewa zai yi ya manne miki a hannu. Sai dai na algarara, ko ki kifa murfin tukunya." Ta janye hannun riga ta nuna wa mata tabon da ke damtsenta.

Gaskiyarta ce. Na yi dariya na gode mata a gaban mutane, amma har na hau mota abin yana cina.

Duk da haka na rubuta sunanta cikin 'yan sa-kai, don irinta ake nema. Na koya mata duk abin da na sani. Yadda ake shafa kumfar sabulu a bakin silinda a gane ko gas yana fita. Cewa in an ji warinsa ba a kyasta ashana, ba a taɓa makunnin lantarki, ƙofa ake buɗewa. Cewa ƙuna ruwa mai sanyi ake yi ta zuba mata, ba manja ba, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba.

Kafin shekara ta zagayo ta fi ni.

Ni sai in yi rabin awa ina magana mata suna hamma. Ita sai ta ɗora tsohon kasko a fili, ta bari mai ya kama, mata su yi ihu su ja baya, ta sa hannu ta kifa murfi kamar tana rufe miya. Daga nan ta kamo hannun wadda ta fi kowa tsorata ta ce, "Zo ki yi da kanki, ina nan." Masu ajiye jarkokin fetur a ɗakin kwana kuwa ba ta yi musu dogon wa'azi. Tambaya ɗaya ce, "'Ya'yanka nawa ke kwana a ɗakin nan?"

Muka koma in mun shiga gari tare, ni mai yunifom ana ba ni kujera, ita ana rungume ta. Ranar da na je ni kaɗai kuwa, mata su gaishe ni da ladabi suna leƙen bayana. "Malama, yau ba ki zo da Hanne ba?"

Wallahi na tsani wannan tambayar.

Kuma ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. Ban taɓa zuwa kasuwa ta bar ni na koma da yunwa ba, ta san ba na son yaji da yawa, ta san ƙanzo nake so. Lokacin da na haifi autana ta hau mashin tun daga Sule Tankarkar da ƙullin kuka da daddawa, ta yi min kwana biyu tana dama kunu. Tana ta hidima da ni ina kallonta ina tunanin me ya sa komai ta taɓa sai ya yi kyau.

To ga abin da na zauna in faɗa.

Bara aka shirya kwas na sati biyu a Dutse don 'yan sa-kai, da satifiket. Oga ya kira ni ya ce in kawo sunan mace biyu daga yankinmu. Har ya ƙara da cewa, "Na san Hannenki ce ta farko."

Hannenki. Na riƙe biro na daɗe.

Na rubuta wata daga Gumel da wata yarinya Zainab daga Gagarawa Tasha. Da ya tambaya na ce ai Hanne ba ta yi sakandare ba, ba za ta bi darasi ba. Babu inda takardar ta nemi sakandare. Ya yarda da ni saboda bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ita kuwa ta riga ta ji labarin kwas ɗin. Ta daɗe tana son takardar, ba don ado ba. Akwai garuruwan da masu gida ke hana ta shiga su ce wa ya aiko ta, mai tuwo-tuwo ce za ta koya wa matansu? Takarda mai hatimi da ta buɗe mata waɗannan ƙofofin. Har sabon hijabi ta ɗinka na tafiya.

Na je na ce mata sunanta bai fito ba. Sai ta ce, "Ba rabona ba ne, Malama. In sun dawo ki roƙa min su koya min."

Kuma ta yi hakan. Zainab na dawowa, Yaya Hanne ta riƙa hawa mashin zuwa Gagarawa Tasha duk Asabar, ta zauna a tabarma gaban yarinyar da a haife ta haife ta, tana koyon yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Da Zainab ta ba ni labari, maimakon kunya ta kama ni, haushi na ji. Na toshe mata hanya ta zagaya ta baya.

Bayan nan aka yi wani biki a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Ana tsakiyar girki zanin wata mata ya kama. Ta zabura za ta ruga, sai matan wurin suka haɗa baki, "Kwanta ki yi birgima! Hanne ta ce a kwanta!" Ta kwanta, suka lulluɓe ta da bargo. Ƙafa ɗaya kawai ta ƙone.

Ni aka tura ɗauko rahoto. Matar tana kwance tana hawaye tana cewa Hanne ce ta cece ta bayan Allah, alhali Yaya Hanne ba ta ma wurin bikin. Maganar nan ta birgima ni na koya mata ita, a ƙarƙashin dalbejiyar ofishinmu. Kamar in buɗe baki in ce ni ce. Na koma na rubuta cewa an tsira saboda wayar da kan da ofis yake yi. Ban sa sunanta ba.

Sati biyu da suka wuce na je Maigatari da niyyar gaya mata komai. Na shirya maganar tun a mota. Na same ta ta ɗan rame, amma tana ta zuba abinci, wasu mata 'yan Damagaram sun zagaye ta suna tambayarta kan ƙaramin silindan da ɗayarsu ta saya. Tana hango ni ta ajiye ludayi.

"Ku tashi ku gaishe ta. Wannan ce malamata, duk abin da kuka ji a bakina a wurinta na ɗauko."

Suka gaishe ni. Suka juya suka ci gaba da tambayarta.

Ta zuba min shinkafa da ƙanzo ta ce, "Malama, kamar akwai magana a bakinki." Na ce babu komai, gajiya ce. Ta ce, "To ki ci, ki huta. Aikinku da nauyi."

Na cinye na tafi. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yau gidansu babu wurin sa ƙafa. Mata daga Maigatari, daga Gagarawa, daga ƙauyukan da ni ko sunansu ban sani ba, har da na tsallaken iyaka. Kowa da nata labarin. Wannan ta ce dalilinta rumfarta ta tsira, wannan ta ce jaririnta. Ina zaune a gefe, Allah ya gani, ko a nan sai da zuciyata ta raya min: ke in kin mutu su wa za su zo? Na yi ta istigfari a ɓoye.

Da mutane suka ɗan ragu na matsa kusa da mahaifiyarta, na durƙusa na ce, "Inna, akwai haƙƙin Yaya a kaina." Na faɗa mata zancen kwas ɗin tun daga farko. Ina fata ta ce min ai Hanne ta sani, ta yafe tuntuni.

Tsohuwa ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ba ta taɓa gaya min ba, 'yar nan. Kullum alherinki take faɗa. Ni ba ni kika yi wa ba, wadda za ta yafe miki kuwa an kai ta ɗazu. Sai ki yi ta roƙa mata, ki roƙa wa kanki."

Na tashi na fito.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga wurin Oga in gaya masa da bakina, kafin wani ya nuna masa wannan rubutun. Kada kowa ya yabe ni a ƙasan rubutun nan don na faɗi gaskiya. Na faɗe ta ne bayan ta daina amfanar mai ita.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Hanne. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka karɓi abin da ta yi wa bayinka ba tare da ta nemi ko sannu ba. Ka ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. Ni kuma ka cire min wannan ciwon daga zuciya tun ina da sauran numfashi.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya tsaya ya karanta mata Ƙulhuwallahu. In ya rage muku addu'a, ku sa ni a ciki.