Fijon Baba Sanni Ba Ta Kai Shi Tafo Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, Baba Sanni Fita, makanikin mota na Aboabo. Ni ce Nusrat, jikarsa. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Baba, duk Aboabo an san tsohuwar motarka Fijo mai buɗaɗɗen baya. Ta girmi mahaifiyata. Da ita kake kai gawar unguwa maƙabartar Tafo, ba ka taɓa tambayar ɗan wace ƙabila ba ne, ba ka kuma taɓa cewa ka gaji ba. Buri ɗaya na ji ka faɗa: ran da taka ta zo, kai ma ta kai ka.

Ka sha gaya mini cewa an ƙera injinta don fetur irin na da, mai dalma a ciki. Tun da aka daina sayar da irinsa sai ta zama mai zaɓen abinci. In wutar filogi ta makara, sai ta yi nauyi, ta kasa hawa tudu. In wutar ta yi gaggawa, sai injin ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani, ya yi zafi. Gyaran taimin ɗin da kunne kake yinsa, kana murɗa distributa, mai raba wa filogi wuta, kaɗan-kaɗan.

Sai kunnenka ya mutu.

Ba ka gaya wa kowa ba. Wata rana ka same ni a bayan ƙofa, inda nake ɓuya in baƙi sun zo, ka ce, "Amarya, tunda bakinki ba ya aiki, ara mini kunnenki." Daga ranar ni ce ke zama a gefenka. Mu hau tudun hanyar Tafo, ka taka totur, in na ji tsakuwar nan sai in taɓa kafaɗarka. Ka tsaya, ka buɗe gaban mota, ka murɗa baya kaɗan, mu sake hawa. Ran da ta hau shiru, sai ka saya mini waakye, shinkafa da wake, ka ce wa mai sayarwa, "Zuba wa injiniyata ƙwai." A wajenka kaɗai shiruna bai zama aibi ba.

Mako biyu da suka wuce ta sake yin nauyi. Ka murɗa wutar gaba, ka ce gobe mu gwada ta a tudu. Da safe ka kasa tashi. Ba mu gwada ba.

Ranar jana'iza aka ɗora makararka a bayanta, Kawu Sulley ya shiga gaba. Yana taka totur don ya fita daga kwarin ƙofar gida na ji ta. Tsakuwa ce, da ƙarfi. Baba, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ratsa maza na kama tagar mota na ce, "Kawu, wutar ta yi gaba, a mayar da ita baya."

Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Nusrat, yau ba ranar mota ba ce. Shiga wajen kakarki Mma."

Ban ga laifinsa ba, ubansa ne a baya. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar har ta ɓace. Hannuna ya ɗagu da kansa, babu kafaɗar da zan taɓa.

A tsakiyar tudun nan namu ta yi zafi ta mutu. A aboboya, keken da ke ɗaukar kayan kasuwa, aka ƙarasa da kai. Kai da ka kai mutane ba adadi. An jawo Fijo gida da igiya, tana nan gindin mangwaro. Ni na iya ji, ban iya murɗawa ba, wanda ya iya murɗawa kuma ya tafi.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa nauyin da ka ɗaukar wa mutane ya zama sauƙinka ranar hisabi. Ina yi wa kakata Mma Azaratu ta'aziyya, da Kawu Sulley, da mahaifiyata Rakiatu, da mutanen Aboabo. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni har yanzu bai zo mini ba.