Gonar da Na Ba da Aro don Kalankuwa

Da ƙarfe huɗu na yamma, ranar Laraba bayan kalankuwa, muka zauna a zauren mai unguwarmu a Azare domin mu duba yadda bikin ya gudana. Akwai mai unguwa, da sarkin samari, da makaɗi, sai ni da na ba da aron gonata aka yi filin wasa. Zamanin En'e ne, kuma babu wanda aka biya, kowa don kansa ya fito.

Da farko aka yaba kokawa. Na biyu aka yaba abinci. Na uku na nemi izinin magana.

Gonata jigawa ce, ba ta yi sai da taki. Kowace kaka wani Bafulatani daga wajen Itas yakan sauke shanunsa a cikinta, su ci kara, su bar mini kashi. A shekarar nan ya iso ana jibi biki, ni kuwa na tafi Sakwa gaisuwar mutuwa. Samari suka kore shi da sanduna don kada shanu su ɓata wurin rawa. Wannan na faɗa musu.

Sarkin samari ya ce, "Haba Malam! 'Yan matan gari duka sun taka maka gona, kai kana kukan kashin shanu?"

Aka yi dariya, aka tashi. Bafulatanin bai sake dawowa ba. Gero ya yi ta raguwa kowace damina, har na bar gonar ta koma saura.

Mai karatu, idan aka sa ka shirya biki, ina roƙonka kafin ka share fili ka tambayi mai shi wa yake sauka a ciki.