Gwangwanayen Maiwada Mai Hoto

Shekara talatin da ɗoriya Maiwada ya yi yana ɗaukar hoto a Bakori, a shago mai zanen jirgin sama a bango. Da wuya manomi ya sayar da auduga a Funtuwa ya dawo bai tsaya gaban jirgin nan ba, ya naɗe hannun riga don sabon agogo ya fito. Maiwada bai taɓa yar da fim ko ɗaya ba. In ya wanke hoto sai ya naɗe fim ɗin a takarda, ya rubuta shekara, ya jefa a gwangwanin madara. Da wayoyi suka kashe sana'ar, ya koma sayar da irin masara, gwangwanaye arba'in da biyu suna jere a saman kanta.

Wata rana Malama Rabi'atu, tsohuwar malamar firamare a Tsiga, ta yi sallama. Ɗanta Awaisu ya rasu a 1998 yana ɗan shekara tara. Hoto ɗaya tak aka taɓa yi masa, a shagon nan, gara kuma ta cinye shi a akwati.

"Fuskar ta fara ɓace mini, Malam Maiwada," in ji ta.

Kafin la'asar ya gano fim ɗin. Sai dai ya nemi mai wanke hoto daga fim ya rasa. Wani abokinsa da ya rufe shago a Kaduna ya aiko masa da tsohuwar sikana, injin da ke ɗauke hoton fim ya kai kwamfuta, haɗe da faifanta. Maiwada ya naɗe ta a bargo ya hau bas zuwa Funtuwa, wajen Jimoh mai gyaran kwamfuta, Bayaraben da aka haifa a garin.

Jimoh ya jona. Sikana ta kunna koriyar fitila, ta yi gurnani. Kwamfuta ta ce babu abin da aka jona mata.

"Ƙarya take yi," in ji Maiwada. "Ga waya nan ina gani."

"Baba, ba ta jin yarenta ne. Akwai ƙaramar manhaja da ke yi musu tafinta. Ta sikanarka tana kan faifai, kwamfutocin yanzu kuwa ko ramin sa faifai ba su da shi."

"Wato ta ga dattijuwa a bakin ƙofa ta ƙi amsa sallama."

"Ba ta da tarbiyya, Baba, amma ba ni na haife ta ba."

Jimoh ya sauko da manhajar daga intanet, kwamfuta ta ce ba ta yarda da ita ba. Ya gwada wata, wannan ta ga sikanar amma ta fito da komai shuɗi, har da jirgin. Maiwada ya yi sawu uku zuwa Funtuwa, kullum da bargonsa, har kwandasta ya fara tambayarsa ya mai jiki.

A zuwa na huɗu Jimoh ya tuna da tsohuwar kwamfutar da ya fara sana'a da ita. Tana shagon mahaifiyarsa Iyabo, shekara goma Iyabo na zama a kanta tana auna garin kwaki. Sai da Maiwada ya yi mata rantsuwa za a mayar kafin ta ɗaga. Suka kakkaɓe gari da kyankyasai, suka kunna. Ta yi tari, ta tashi, ta karɓi faifan, ta gane sikanar nan take.

Washegari Maiwada ya zo da Malama Rabi'atu. Jimoh, don burgewa, ya danna duk wani gyara da manhajar ke da shi, har da na goge ƙura da karcewa. Hoto ya sauko a hankali daga sama: hula, goshi, yaro cikin kaftanin sallah, fuska sumul.

Ta daɗe tana kallo.

"Rigar tasa ce. Hular ta mahaifinsa ce. Yaron kam ba nawa ba ne."

Maiwada ya zare fim ɗin ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Idonsa ya saba karanta fuska a juye, baƙi fari, fari baƙi. Ga shi nan a kuncin hagu, siririn bille. Manhajar ta ɗauka karcewa ce ta share.

"Kai Jimoh, wanzami ya yi aikinsa da aska a gaban dangi, ka zo ka goge da yatsa ɗaya?"

"Wallahi ba ni ba ne, Baba, ita ce."

"Rannan ka ce ba kai ka haifi waccan ba. Wannan fa, a gidanku ta girma."

Jimoh ya kashe gyaran, suka sake. Hoton ya fito da ƙurarsa da ɗigo-ɗigonsa, billen na zaune inda aka yi shi. Jimoh ya ce zai iya cire ƙurar da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ba zai kusanci kuncin ba.

"Bar shi haka, ɗana. Kada ka ƙara taɓa komai."

Ta matso da kujera, ta gyara tabarau.

"Ranar ya sha kuka a kan hular nan," ta ce. Ta kuwa soma ba su labarin tun daga farko.